Mai Sikeli da Karkataccen Bango

Mai Sikeli ya rasu ranar wata Talata da hantsi, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Waɗanda suka san shi daga nesa sun ce an yi rashin mutum mai gaskiya, kuma ba su yi ƙarya ba. Na kusa da shi kuwa sun san ya tafi da wata magana a bakinsa, wadda ya kamata ɗansa ya ji tun da daɗewa.

Shekara arba'in ya yi yana gyaran sikeli. Shagonsa ɗan ƙarami ne, in ka ware hannuwanka za ka taɓa bango biyu, yana matse tsakanin wani tela da wani mai gyaran keke. Mai Keken nan shi ne amininsa tun suna samari. A cikin shagon akwai wani akwatin katako mai shimfiɗar ƙyalle, inda duwatsun awonsa na tagulla ke jere daga babba zuwa ƙarami. Ƙananan ba ya yarda ya taɓa su da hannu, sai da matsefata, wai gumin yatsa ma nauyi ne. Mahauta suna kawo masa aiki, masu kifi suna kawowa, har asibitin unguwa yakan aiko da sikelin auna jarirai.

Wata rana wani mahauci ya raɗa masa, "Malam, ka ɗan kwantar mini da allurar nan mana, kaɗan dai, ba wanda zai gani."

Ya ce, "Allurar nan ba ta san ni ba, ba ta san ka ba. Ɗauki kayanka."

Haka halinsa yake ko a gidan mutane. Kuna cikin gaisawa za ka ga ya miƙe ya daidaita hoton da ke bangonka, ko ya naɗe takarda ya cusa ƙarƙashin ƙafar teburinka, bai ma san ya yi ba. Matarsa takan ce, "Da da hali, gishirin miyata ma sai ya ɗora a sikeli kafin in zuba." Shi kuma ya ce, "Da kin yarda, da mun huta da shan ruwa bayan cin abinci." Su yi dariya.

Kada a ɗauka mutum ne mai bushewar zuciya. Lokacin da Mai Keke ya karye a ƙafa, wata biyu cur Mai Sikeli yana buɗe masa shago da safe, ya share, ya fito da kekunan mutane ya jera, alhali ko facin taya bai iya ba. In ya tashi da yamma ya biya ta gidan ya zauna a bakin gadon, ba ya wata doguwar magana, ya ɓare masa lemo kawai ya tafi. Irin son da yake yi wa mutum ke nan, da hannu yake yinsa, baki ba ya taya shi.

'Ya'yansa uku. Babbar ta zama ma'aikaciyar jinya, mai bi mata yana koyar da lissafi, sai Auta. Shi Auta tun yana ƙarami makaranta ba ta zauna masa ba. Yana da shekara goma sha bakwai ya ajiye littattafai ya bi wani mai manna tayil. Abin ya yi wa uban ciwo ƙwarai.

Ya ce, "Wannan har sana'a ce? Manna ce kawai. Ko akuya ka bai wa siminti za ta manna."

Bayan shekara uku da fara koyo, Auta ya so ya faranta wa mahaifiyarsa. Bangon kicin ɗinta, tsakanin kantar siminti da take aiki a kai da kabad ɗin da ke sama, duk mai da hayaƙi sun ɓata shi, ta goge har fentin ya gaji. Ya kawo tayil fari, da wasu shuɗɗa da ya ja layi guda da su, ya kwana uku yana aiki. Da ya gama, uwar ta rasa inda za ta sa kanta don murna, har maƙwabta ta kira su zo su gani.

Ana cikin haka Mai Sikeli ya dawo daga shago. Ya tsaya ya dubi bangon, ya juya ya fita. Sai ga shi da lebul, ƙarfen nan na magina mai ƙwayar iska a cikin ruwa, wadda in abu ya daidaita take tsayawa a tsakiya. Ya ɗora a kan shuɗin layin. Ƙwayar ta sulale gefe.

Ya ce, "Daga wannan kusurwa zuwa waccan, kusan yatsa guda. Shekara uku, abin da ka koyo ke nan?"

Auta ya ce, "Baba, bari in yi maka bayani."

"Ruwan nan ba ya jin bayani."

A gaban maƙwabta aka yi wannan, da yayyensa biyu. Wata bai cika ba Auta ya kama ɗaki a can ɗaya gefen garin. Ba a yi faɗa ba, ba wanda ya ɗaga murya. Yakan zo gaida uwarsa lokacin da ya san uban yana shago. In tsautsayi ya haɗa su a ƙofa, "Ina wuni, Baba." "Lafiya." Shi ke nan. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyu, ya zama gwanin da ake nema a manyan gine-gine, maganar dai ba ta wuce haka ba. Shekara goma sha ɗaya.

Sannan sikeli mai batir ya shigo, idon Mai Sikeli kuma ya fara rauni, ya rufe shago ya koma gida. Kullum da safe yana shan shayi a kan wata 'yar kujera a kicin, fuskarsa na kallon bangon nan. Zafin murhu ya fasa tayil biyu, ɗaya kuma ya faɗo.

Matarsa ta ce, "Bari in kira Auta ya zo ya mayar."

"A kira shi a kan me? Ni zan yi. Duka ma zan cire, a yi shi yadda ya kamata."

"Baban yara, guda uku ne fa."

"Guda uku kike gani."

Ta san shi, ta ƙyale shi, tana zaton zai manta. Bai manta ba. Da babbar 'yarsu ta haihu, uwar ta tafi ta yi mata kwana goma, washegari ya ɗauko guduma da cizal.

Kwana biyu yana fasawa. Tayil ɗin ya kama bango gam, sai ya daka sau uku sau huɗu kafin guda ya saki, shi kansa ya yi mamakin haka amma bai tsaya tunani ba. Abin da ya ba shi dariya shi ne tsinken ashana da ya riƙa samu binne a tsakanin layukan. Wani wuri tsinke ɗaya, wani wuri biyu a haɗe, wani wuri kuma ɗaya da wani da aka fere da reza. Ya tara su a tafin hannu ya nuna wa Mai Keke, wanda ya zo taya shi kwashe ɓaraguzai.

"Dubi kayan awon gwanin naku. Ashana! Ko tsinkayen ma bai iya sa su daidai ba."

Mai Keke ya ce, "Ni dai da ka bar wa yaron nan aikinsa."

"Kai ka tsaya a kan taya."

Ya sayo sabon tayil, ya sayo 'yan robobin da ake sawa a tsakani, kowanne kaurinsa ɗaya da na ɗan'uwansa. Ya ja layi a bango da lebul, ya duba sau biyar, ƙwayar tana tsakiya kamar an kafa ta da ƙusa. Ya fara daga hagu yana tafiya dama, wajen famfon wanke-wanke. Aiki ne da bai saba ba. Simintin farko ya yi ruwa, tayil ya riƙa zamewa, na biyu ya bushe masa a cikin kwano. Ya yanke a yatsa, bayansa ya riƙe. Amma yana jin daɗi, har yana 'yar waƙa a ƙasa-ƙasa, abin da ba a san shi da shi ba.

A rana ta huɗu ya kai layin ƙasa ƙarshe, sai ya ga abin da bai yi tsammani ba. A hagu tayil yana zaune daf da kanta. A dama kuwa akwai rata tsakaninsu, baƙa, mai buɗewa a hankali, har a wajen famfo yatsa na shiga. Ya ce a ransa siminti zai rufe. Ya ci gaba har ya kai layi na uku. Sannan ya koma bakin ƙofa ya duba.

Kicin ɗin gaba ɗaya ya zama kamar zai kife. Kantar da ya sani shekara da shekaru ta koma kamar tana gangarawa rami.

Mai Keke ya leƙo ta bayansa ya ce, "Kai, ni in na kalli bangon nan jiri nake ji."

Mai Sikeli ya ɗauki lebul ya ɗora a kan kantar kanta. Ƙwayar ta sulale. Ya kai shi ƙarƙashin kabad, ta tsaya a tsakiya. Ya sake dawowa kanta, ta sake sulalewa. Ashe tun asali maginin da ya zuba kantar ya karkatar da ita yatsa guda, don ruwa ya riƙa gangarawa wajen famfo. Shi da ya auna teburin kowa a garin nan, bai taɓa auna kantar gidansa ba. Aikin ɗansa kaɗai ya auna.

Ya zauna a 'yar kujerarsa. Sai tsinkayen nan suka faɗo masa a rai. Layi shida ne daga kanta zuwa kabad. In ka bi kanta a ƙasa, ka sa tsinke ɗaya a hagu, ɗaya da rabi a tsakiya, biyu a dama, ka yi haka a kowane layi, kafin ka kai sama ka cinye yatsa gudan nan kaɗan-kaɗan, ido bai gani ba. Ya lissafa da yatsunsa, ya sake lissafawa. Ya fito daidai. Yaro ɗan shekara ashirin ya zauna da reza yana fere ashana, ya raba karkatar gida kashi-kashi don kada uwarsa ta gan ta. Bayanin da ya so yi ke nan.

Allah sarki. Ɓaraguzan ma an riga an kwashe, saura buhu ɗaya a bayan ƙofa.

Da matarsa ta dawo ta tsaya a ƙofar kicin da jakarta a hannu, ta daɗe tana kallo. Ta buɗe buhun, ta tona ta ɗauko wani guntun shuɗin tayil, ta goge shi da gefen mayafinta.

Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina girki a gaban bangon nan, ban taɓa ganin ya karkata ba. Yau na gani."

Ya ce, "Maman yara, kina da lambarsa?"

Ita ta danna masa ta miƙa masa wayar, don shi ba shi da lambar a tasa.

"Mama?"

"Ni ne."

"Baba? Lafiya? Wani abu ya sami Mama?"

"Lafiyarta ƙalau. Tambaya gare ni. In kanta ta karkata, kabad kuma yana tsaye daidai, ta ina ake farawa?"

Ana jin ƙarar injin yanka daga can inda Auta yake aiki.

"Wace kanta, Baba?"

"Wata kanta."

"Baba, bari in zo ranar Asabar. Aikin yini ɗaya ne."

"A'a. Ni na fasa, ni zan mayar. Kai dai faɗa mini."

Ya cire nasa layukan uku, ya kankare bangon, ya sayo kwalin ashana da reza. Daga ranar kullum da azahar, lokacin da Auta ke hutun cin abinci, sai ya kira. Yau a kan kaurin siminti: "In ka kifa cokalin bai zubo ba, ya yi." Gobe a kan jiƙa tayil a ruwa kafin a manna. Jibi a kan yadda ake yanka wajen soket ba tare da ya tsage ba. Mai Sikeli yana rubutawa a bayan kwali da fensir, kamar ɗan aji ɗaya.

Da kwanaki suka ja, Auta ya fara sakin jiki har yana tsokanarsa.

"Baba, lebul ɗin nan yana ina yanzu?"

"Ga shi a hannuna."

"Don Allah ka kai shi ɗaki ka kulle, ka bai wa Mama makullin. In ka manna uku, ka koma bakin ƙofa ka kalla. Abin da idon Mama zai gani shi ne awon."

"Idon uwarka da ko zare ba ta iya sawa a allura?"

Daga gefe ta ce, "Ina jin ka dai."

Auta ya yi dariya a wayar. Rabon da Mai Sikeli ya ji dariyar nan tun yaron bai fara gemu ba. Bayan ya kashe wayar ya daɗe yana riƙe da ita a cinya. Wasu ranakun babu ma tambayar kirki, sai ya ƙirƙiro. Ya tambayi abin da aka gaya masa jiya, daga nan ya zame ya tambayi jikoki, wace ce ta fara tafiya, wace ce ke tari.

Bangon yana hawa a hankali, kuma yana kyau. Wata yamma suna zaune da Mai Keke a ƙofar gida, sai ya ce, "Na shirya abin da zan gaya masa."

"Ina jin ka."

Ya gyara zama, ya dubi ƙasa, ya faɗa a hankali kamar mai karanta takarda: "Auta, bangonka daidai yake. Ni ne ban iya kallo ba. Na kunyata ka a gaban mutane, kuma na fasa maka aiki. Ka yafe wa ubanka."

Mai Keke ya share ido da bayan hannu ya ce, "To ga waya nan, kira shi yanzu."

"Ba maganar waya ba ce. Sai na gama, ya zo, mu tsaya a gaban bangon ni da shi."

Cikin mako uku ya kai layin sama. Saura tayil huɗu a kusurwar dama, ƙarƙashin kabad, an yanka su, an jingine su a kan kanta. Nan aikin ya tsaya. Yau ya ce bayansa, gobe ya ce siminti ya ƙare, jibi ya ce farin simintin cike tsakani da aka kawo ba fari ba ne sosai. Kwana tara tayil huɗun nan suna jingine, matarsa tana ɗaga su ta goge ƙarƙashinsu ta mayar.

Mai Keke ya ce masa, "Kai fa tsoro kake ji."

"Tsoron me? Tayil huɗu?"

"Ka san abin da nake nufi, tsoho."

Mai Sikeli ya ce, "In na faɗa, ya ce mini ‘ba komai, Baba,’ ta yaya zan san har zuciyarsa ne? Yaron nan mai ladabi ne. Ko bai yafe ba haka zai ce. Yanzu ko ba komai kullum ina jin muryarsa. In aiki ya ƙare, in kira in ce me?"

"Ka ce ina wuni, kamar kowane uba."

"Kai komai a wurinka sauƙi ne da shi. Iska kawai kake hura wa taya."

Duk da haka maganar ta shige shi. Ranar Litinin da azahar ya kira ya ce, "Gobe zan sayo abin da ya rage, jibi in gama. Asabar ka zo."

Auta ya ce, "Zan zo, Baba."

"Ina da magana."

"Wace magana?"

"Sai ka zo."

Talata da hantsi ya sa hularsa ya taka zuwa shagon kayan gini, wanda bai fi tafiyar minti goma ba. Ya zaɓi farin siminti, ya murza shi a yatsa ya kai wajen haske, ya ce wannan ya yi. Sai ya ce wa mai shagon, "Bari in ɗan zauna, kaina na juyawa." Ya zauna a benci ya jingina da bango. Mai shagon ya shiga ɗebo masa ruwa. Kafin ya fito an gama.

Asabar ɗin Auta yana gidan, tun ranar Talata ma bai koma nasa ba. Da mutane suka ragu ya shiga kicin, karo na farko tun da aka yi rasuwar. Uwarsa tana zaune a 'yar kujerar, Mai Keke yana tsaye a bakin ƙofa. Auta ya bi layukan da babban yatsansa, daga hagu zuwa dama, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai inda babu tayil.

Ya ce, "Hannunsa ya fi nawa tsabta." Sannan ya juyo. "Kawu, Baba ya ce yana da magana. Ka san ta?"

Mai Keke ya faɗa masa, bai rage ba, bai ƙara ba.

Auta ya jingina da kanta. "Tun ranar da ya fara kira na san ya gane. Amma ina so in ji da bakinsa." Ya ci gaba da cewa, "Sau uku ina zuwa har bakin layin nan da kayan aikina a bayan babur. In tsaya wajen mai shayi, in hango ƙofar gida, in juya. Na ce bari ya gama da kansa, kada in shigo in kunyata shi."

Uwar ta ce, "Kai da shi duk ɗaya kuke," ta rufe fuska da mayafi.

Auta ya ce, "Kawu, sake faɗa mini. Yadda ya faɗa, kada ka gyara komai."

Mai Keke ya gyara tsayuwa, ya dubi ƙasa, ya ja maganar a hankali yadda mamacin ya ja ta. Ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya sani. Da ya kai "ka yafe wa ubanka" muryarsa ta karye, ya sake ɗaukowa daga farko. Auta ya rufe ido yana saurare har aka kai ƙarshe.

Da ya buɗe ido ya ce, "Na gode, Kawu." Sannan ya ƙara da cewa, "Shi muryarsa ta fi haka kauri."